Dangin Gurmi a Ƙetaren Teku

Da rani, idan an gama sussuka an kai hatsi rumbu, mafarautan ƙasarmu ta Ƙofa kan yi gayya su nufi dazuzzukan kudu, wajejen Tudun Wada da Doguwa, inda dajin Falgore ya shimfiɗu. Ina yaro ban taɓa bin su ba, amma ba na yarda daren tashinsu ya wuce ni, domin a daren ne wani dattijo mai garaya kan zauna bisa buzunsa, 'yan caki biyu a gefensa, yana kiran maza da kirarinsu ɗaya bayan ɗaya. Tsirkiya biyu ce kacal a jikin garayar, amma idan ya taɓa ta sai ka ga ƙato ya miƙe tsam, jikinsa na tsuma, karnuka na haushi a bayansa.

Shekaru da yawa bayan haka, ina jami'a, wani abokina ya miƙo mini wayarsa ya ce in kalli wani abu. Wani Bature ne rungume da abin kiɗa mai zagayayyar fuska fara kamar faifai, da dogon wuya da tsirkiya biyar, yatsunsa na gudu a kai kamar ana watsa tsakuwa bisa kwano. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Ai wannan gurmi ne aka yi wa kwalliya." Sunan Baturen Béla Fleck, abin kiɗan banjo, ƙungiyar da ke bayansa kuwa Flecktones, wadda ta yi suna wajen cuɗa kiɗan ƙauyukan Amurka da ake kira bulugiras da jaz da rege da kaɗe-kaɗen wasu nahiyoyi. Na daɗe ina bin sawun wannan zato nawa. Na tarar akwai gaskiya a cikinsa, akwai kuma kuskure, kuma kuskuren ya fi gaskiyar koya mini abu.

A yau Ba'amurke da ya ji amon banjo, abin da ke zuwa masa a rai shi ne farar fata manomi a tsaunukan Afalaciya. Tarihi bai yarda da wannan hoto ba. Bayi baƙar fata ne suka ƙera banjo, a tsibiran Karebiyan, cikin ƙarni na 17. Wani likita haifaffen Ayalan, Hans Sloane, ya sauka Jamaika a 1687, ya ga bayi suna kaɗa wani abu da aka yi da duma aka rufe da fata, kuma zanen abin ya fito a littafinsa na 1707. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na uku, shi kansa mai bayi ne, ya rubuta a 1781 cewa baƙar fata ne suka zo da wannan abin kiɗa daga Afirka. Shaidar maƙiyi ta fi ta masoyi ƙarfi a irin wannan shari'a.

Sai dai ba a ɗauko banjo sukutum daga wani gari na Afirka an sa a jirgi ba. Wanda aka ɗaure da sarƙa ba ya tafiya da kaya. Abin da ke kansa kawai yake tafiya da shi. Mutanen da aka kwaso daga ƙabilu dabam-dabam, ba sa jin harshen juna, suka haɗu a gonar rake guda, kowa da hoton abin kiɗan garinsu a zuciya. Daga Afirka ta Yamma suka ɗauko ƙoƙon duma da fatar da ake ɗamewa a kansa, da jakin da ke ɗaga tsirkiya daga fatar, da gajeriyar tsirkiyar nan ta sama wadda babban yatsa ke bugawa tana maimaita murya guda. Daga jitar Turawa suka ari shimfiɗaɗɗen wuya da 'yan turakun ɗaure tsirkiya, alhali kayan kiɗanmu na gida zagayayyiyar sanda gare su, da zoben fata ake saita muryarsu. Ke nan tun ranar haihuwarsa banjo ruwa biyu ne. Wannan batu ne da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin duk abin da Fleck zai yi bayan shekara ɗari uku yana cikin jinin abin kiɗan tun farko.

Yadda banjo ya fita daga hannun masu shi labari ne mai ɗaci. A shekarun 1830 wani Bature ɗan Bajiniya, Joel Walker Sweeney, wanda ya koyi kiɗan a wurin bayi, ya fara hawa dandali da shi, fuskarsa shafe da baƙin toka, yana kwaikwayon baƙar fata don a yi dariya. Wannan wasan izgili ya zama babbar sana'a a Amurka, har ya ƙetara Ingila. Da kasuwa ta buɗe, masu ƙira irin su William Boucher na Baltimo suka fara yin banjo a masana'anta a shekarun 1840, suka jefar da duma suka sa zoben katako da ƙusoshin ƙarfe masu ɗame fata. Abin kiɗan ya ƙara ƙarfin murya, ya shiga falon masu kuɗi. Jikokin waɗanda suka ƙirƙire shi kuwa sannu a hankali suka juya masa baya, kuma ba za a ga laifinsu ba: wa zai so rungumar abin da aka mai da shi alamar wulaƙanta kakanninsa?

Duk da haka bai fita daga hannunsu gaba ɗaya ba, kuma a nan ne hanyoyi uku suka rabu. A birnin Niyu Olins, inda aka haifi jaz a farkon ƙarni na 20, banjo ne ke riƙe da taki a bayan masu busa, saboda amonsa mai kaifi yana huda hayaniyar ƙaho da ganga, na'urorin ɗaukar murya na lokacin kuma suna iya kama shi. Johnny St. Cyr shi ke kaɗa shi a faya-fayan da Louis Armstrong ya fara yi da ƙungiyarsa ta mutum biyar a 1925. Sai a shekarun 1930 jita ta ture shi. A Jamaika, inda Sloane ya fara ganinsa, banjo ya zauna daram a cikin kiɗan karkara da ake kira mento, wanda shi ne ya share wa siƙa hanya, siƙa kuma ta kai ga rege a ƙarshen shekarun 1960. Hanya ta uku ita ce ta tsaunuka, inda talakawan Turawa suka haɗa banjo da gogen da kakanninsu suka zo da shi daga Sikotlan da Ayalan.

Daga wannan hanya ta uku bulugiras ya fito. Bill Monroe, mutumin jihar Kentaki, ya kafa ƙungiya a ƙarshen shekarun 1930 ya sa mata suna Blue Grass Boys, da laƙabin jiharsu, daga nan sunan kiɗan ya samo asali. Shi kansa Monroe ya sha faɗin irin abin da ya koya a wurin wani makaɗi baƙar fata, Arnold Shultz. Amma kiɗan bai tsaya da ƙafarsa ba sai a watan Disamba na 1945, lokacin da wani saurayi ɗan shekara 21, Earl Scruggs, ya shigo da salon kaɗa banjo da yatsu uku, kowanne sanye da farcen aro, suna juyawa bi da bi ba tsayawa. Cikin ƙanƙanin lokaci salon ya zama doka. Bulugiras ya yi dattawansa da masu gadinsa, ya yi ƙa'idojin abin da ya halatta a sa a ciki da abin da bai halatta ba. Ganga ba ta shiga, wutar lantarki ba ta shiga.

A wannan gida mai tsauri ne Béla Fleck ya shigo a matsayin baƙo. A birnin Niyu Yok aka haife shi a 1958, nesa da tsauni da gona. Yana yaro ya ji kiɗan Scruggs a taken wani wasan talabijin, abin ya tsaya masa a rai, kakansa kuma ya saya masa banjo yana ɗan shekara 15. Da yake ɗan birni ne, kunnensa cike yake da jaz, musamman kiɗan Charlie Parker da na Chick Corea, sai ya shiga neman yadda zai fitar da irin waɗannan muryoyi a kan tsirkiya biyar da aka ce ba a yi su don haka ba. A farkon shekarun 1980 ya shiga New Grass Revival, ƙungiyar Sam Bush, samari masu dogon gashi da masu gadin al'ada ke yi wa kallon 'yan bidi'a. Bush mai son rege ne ƙwarai, har suka sake rera waƙar Bob Marley mai suna One Love a faifansu na 1984.

A 1988 aka gayyaci Fleck wani shirin talabijin, ya tattara mutum uku don su yi wasa na dare ɗaya, daren kuma ya zama ƙungiya. Akwai Howard Levy, mai fiyano da 'yar ƙaramar abar busa da ake kira hamonika, wanda ya gano dabarar fitar da muryoyin da maƙeranta ba su sa mata ba. Akwai Victor Wooten mai jitar bes, wadda a hannunsa ta tashi daga mai rakiya ta koma mai magana. Sai yayansa Roy Wooten, da aka fi sani da Future Man, wanda ya haɗa wa kansa wata na'ura mai siffar jita da muryar ganguna, yana kaɗa ta da yatsu a tsaye. Faifansu na farko ya fito a 1990. Levy ya fita a 1992, daga baya Jeff Coffin ya shigo da ƙahon saksafon. A tafiyarsu sun zauna da mai tabla daga Indiya, da mai gangar ƙarfe irin ta Tirinidad, da Kongar-ol Ondar, mawaƙin Tuba da ke fitar da murya biyu daga maƙogwaro guda. Masu sayar da faya-fayai sun rasa kantar da za su ajiye su, masu ba da lambar Grammy kuma suka yi ta karrama Fleck a fannonin da ba a saba ganin mutum ɗaya a cikinsu ba.

Masu sharhi sun kira wannan aiki haɗin gambiza mai ban mamaki, kamar an haɗa kifi da kaska. Ni a ganina mamakin na wanda bai san tarihi ba ne. Banjo ya riga Fleck shiga jaz da shekara sittin, ya riga rege zama a Jamaika da kusan shekara ɗari uku. Abin da Flecktones suka yi bai wuce tara 'yan uba guda da rabon gado ya warwatsa ba. Kuma ba ƙaramin abu ba ne cewa biyu daga cikin mutum huɗun da suka kafa ƙungiyar, wato 'yan gidan Wooten, baƙar fata ne. Ita kuwa kalmar "kiɗan duniya" da ake liƙa wa irin wannan aiki, 'yan kasuwar faifai ne suka amince da ita a wani taro a Landan a 1987, don su sami akwati ɗaya da za su zuba duk kiɗan da ba na Turawa ba. Da Shata da Ondar duk akwatinsu ɗaya a wurinsu.

Saura reshe ɗaya da ba a sada ba, shi ne na asali. Zumunta a ƙafa take. A farkon 2005 Fleck ya ɗauki banjonsa ya zo Afirka, ya bi Yuganda da Tanzaniya da Gambiya da Mali, ɗan'uwansa Sascha Paladino yana ɗaukar hoton tafiyar. Fim ɗin ya fito a 2008 da suna Throw Down Your Heart, wanda fassara ce ta sunan garin Bagamoyo na gaɓar Tanzaniya, inda ayarin bayi kan iso bakin teku su yanke ƙauna daga gida. A Mali ya yi kiɗa da Oumou Sangaré da Bassekou Kouyaté, gwanin ngoni, wanda ɗan'uwan molonmu ne na jini. A Gambiya ya zauna da makaɗan akontin na ƙabilar Jola. Wannan abin kiɗa ne na duma mai tsirkiya uku, biyu dogaye ɗaya gajeriya, ana bugunsa da bayan farce zuwa ƙasa babban yatsa na biye, daidai da yadda tsofaffin makaɗan banjo ke yi kafin Scruggs. Wani ɗan Gambiya, Daniel Jatta, shi ya jawo hankalin masana a kan wannan kama a wajejen shekarar 2000, bayan an daɗe ana ɗora asalin banjo a kan ngoni da danginsa.

Fleck bai zo Kano ba, bai zo Katsina ko Maraɗi ba. To ina gurmin nawa a cikin wannan labari?

Masu binciken asalin banjo, irin su Shlomo Pestcoe da Greg Adams, sun lissafa kayan kiɗa masu tsirkiya da dama a Afirka ta Yamma, suka raba su gida biyu bisa yadda sanda ke shiga jikin ƙoƙo. A gida na farko sandar kan tsaya a ciki, ƙarƙashin fata, ba ta ɓullo ba. Nan molo da garaya da ngoni suke. A gida na biyu sandar kan ratsa ƙoƙon ta fito ta ɗaya gefen, a ɗaure tsirkiya a kan bakinta. Haka aka ƙera banjon farko, haka akontin yake, haka kuma gurmin Hausa yake. Ashe idona bai yi ƙarya ba ranar da na kalli wayar abokina.

Amma kama da wane ba ta wane. Hausawan da cinikin bayi na Atilantika ya kwashe da yawa, a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 aka kwashe su, musamman a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, aka fitar da su ta Legas da tashoshin gaɓar Dahome. Mafi yawansu Bahiya ta ƙasar Birazil aka kai su, inda tarihi ya riƙe sunansu saboda yunƙurin tawayen 1807 da waɗanda suka biyo baya. A lokacin banjo ya haura shekara ɗari da haihuwa, kuma a wani yanki dabam. Saboda haka duk wanda ya ce gurmi ne ya haifi banjo ya faɗi abin da ke da daɗin ji, ba abin da ke da hujja ba. Iyakar abin da za a iya tsayawa a kai shi ne, gurmi baffan banjo ne: gida ɗaya suka fito, ɗaya aka tafi da shi, ɗaya ya zauna.

Abin da ya fi damuna ba wanda aka tafi da shi ba ne, wanda ya zauna ne. Ƙasar Hausa ba ta rasa gwanayen tsirkiya ba. Haruna Uji na Haɗeja ya kai gurmi kowane gida mai rediyo. Ɗan Maraya Jos, da tsirkiya ɗaya tal a kan kuntigin da bai fi tafin hannu ba, ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata da talakawa nasiha, ya zaga ƙasashen waje, har ya rasu a watan Yuni na 2015. Amma kayan tsirkiya sun daɗe suna ɗauke da tabo a wurinmu. Tambari da algaita da kakaki na fada ne, kalangu na mahauta ne da biki. Garaya da goge kuwa an danganta su da bori, molo da gidajen da mutumin kirki ba ya so a gan shi, malamai kuma tun zamanin jihadi suke tsawatarwa a kansu. Ɗan makaɗi da ya yi boko, abu na farko da yakan yi shi ne ya nesanta kansa da sana'ar gidansu. Abin da izgilin Turawa ya yi wa banjo a wurin baƙar fatar Amurka, kunya ta yi wa gurmi a wurinmu, ba tare da wani baƙo ya shafa baƙin toka a fuska ba.

Sai kuma fiyano ta zo. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, da finafinan Kano suka bunƙasa, na'urar Yamaha guda a ɗakin ɗaukar sauti ta maye gurbin makaɗa goma. Ba na cikin masu tsine mata. Ta ciyar da dubban matasa, ta kuma haifi salon da yanzu ya zama namu. Amma akwai bambanci tsakanin abin da ta yi da abin da Fleck ya yi. Shi ya riƙe tsohon abin kiɗa ya tilasta masa koyon sababbin harsuna. Mu kuwa muka ajiye tsohon, muka sa na'ura ta riƙa kwaikwayon muryarsa, muryar da ba ta da kakkarwar fata ko kukan ceba.

Ba sai an je Amurka ba kafin a ga cewa akwai wata hanya. Bassekou Kouyaté ya ɗaga ngoni daga ƙasa inda makaɗan gado ke zama da shi, ya rataya shi a kafaɗa, ya ƙara masa tsirkiya, ya kafa ƙungiyar Ngoni Ba wadda ngoni manya da ƙanana ne kawai ke jan ragamarta, faifansu Segu Blue na 2007 ya zaga duniya. A Yamai, ƙungiyar Mamar Kassey ta Yacouba Moumouni ta zaunar da molo da kalangu da sarewa kusa da jitar lantarki tun shekarun 1990. Malam Maman Barka, malamin makaranta ne kafin ya zama gwanin gurumi mai tsirkiya biyu, yana waƙa da Hausa da wasu harsunan Nijar. Daga baya ya tafi gaɓar tafkin Cadi ya koyi biram a wurin tsohon da ya rage yana kaɗa shi, ya kai shi dandalin Turai kafin rasuwarsa a 2018. A Amurka ma, a shekarar da Fleck ya zo Afirka, matasa baƙar fata suka yi taron masu banjo a jihar Karolina ta Arewa, daga nan ƙungiyar Carolina Chocolate Drops ta fito, Rhiannon Giddens da abokanta suka karɓo abin kakanninsu daga hannun wani tsohon mai goge, Joe Thompson, tun yana da rai.

A wurinmu lokacin karɓar yana ƙurewa. Irin wannan ilmi ba a rubuce yake ba, a yatsu yake: yadda ake zaɓen duma, yadda ake jiƙa fata a ɗame ta, take nawa ne na mafarauta, wanne ake yi wa wanda ya kashe ɓauna, wanne ne ba a kaɗa shi sai an shiga daji. Dattijon nan na yarintata ya rasu ina aji biyu a jami'a. 'Ya'yansa maza uku, ɗaya direba ne a hanyar Jos, ɗaya tela, ɗaya yana sayar da kayan waya a Kwanar Ɗangora. Ranin da ya wuce na je gida daidai daren tashin farauta. An taru kamar yadda aka saba, da karnuka da gora da layu, an kafa babbar lasifika a kan benci, wani yaro yana zaɓo kiɗan garaya daga katin waya. Maza sun tsuma, ba laifi, sai dai lasifikar ba ta san sunan kowa a cikinsu ba, kowa da bakinsa ya yi wa kansa kirari. Da gari ya waye na shiga gidan marigayin na gai da iyalinsa, na tambayi garayar. Matarsa ta nuna mini ita rataye a bangon zaure, fatar ta tsage daga gefe, tsirkiya ɗaya ta tsinke, zanzaro ya yi gini a cikin ramin.